Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar da Aka Cire wa Fulogi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da muryar da ta dushe saboda musu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda kowa a gidanmu ke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin falo, idonta a buɗe.

Har yanzu ni da yayana ba mu gama ba. Ya ce kwananta ne ya ƙare. Na ce hannu ne, kuma na san mai hannun.

"Guga fa kawai na yi, malam," in ji shi. "Riga ɗaya. Sai ka ce mutum na kashe."

"Duk soket ɗin gidan nan ba ka ga na guga ba sai nata?"

"Wanne ke aiki in ba shi ba? Ko da sunanka aka kafa shi?"

A nan muka tsaya, don Mama ta shigo. Da wayar ƙanwata nake rubuta wannan sanarwa, mai wayar ta ce in yi sauri.

Marigayiya ta zo gidanmu ne da girmanta. Ofishin ƙanwar Mama suka yi sababbi, suka sallame ta, aka kawo mana ita a jaka mai ɓallallen zif. Lokacin ina firamare. Da yatsa ɗaya na fara rubuta sunana a kanta, ina laluben kowane harafi, harshe a waje. A wurinta na koyi kati, na koyi zane, na kuma koyi cewa in ka yi kuskure akwai maɓallin da zai mayar da kai baya, ba faɗa, ba gori. A gidanmu ita kaɗai ke da wannan hali.

Mai haƙuri ce, kuma ta koya wa na kusa da ita haƙuri. Sai ka kunna ta, ka je ka yi wanka, ka dawo ka tarar tana miƙa. "Ɗiit," shi ne gaisuwarta. In aiki ya yi mata yawa, fankarta ta ɗauki "wuuuu" kamar jirgi zai tashi. Bai taɓa tashi ba.

Ta daɗe tana jinya. Maɓallai biyu sun zube kamar haƙoran tsufa. Wuyanta, inda take ninkuwa, ya karye, na ɗaure da salatif, na jingine ta da tsofaffin littattafaina, tun daga nan ba a sake rufe ta ba. Batir kuwa ya riga ta tafiya tuntuni, don haka ranta a jikin wayar wuta yake. In an ɗauke wuta sai ta suma, in an kawo ta farfaɗo. Abu ɗaya mai gyara ya ja min kunne a kai: duk ranar da take sabunta kanta, ta rubuta kada a kashe ta, to kada a kashe ta. Na faɗa wa kowa a gidan. Mama ma in tana shara zagaye wayar take yi.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da ta riƙe min. Da na gama sakandare, Baba ya ce in tattara in tafi garejin Kawu, a wani gari, in koyi gyaran mota. Na ce zane nake so, na fosta da katin gayyata. Mama ta sa baki. Baba ya dubi Tsohuwa, ya dubi salatif ɗin wuyanta, ya yi dariya.

"To, na ji. Muddin wannan akwatin yana kunnuwa, zauna ka yi abinka. Ranar da ya mutu, ka ɗauki jakarka."

Ya zaci ba za ta kai ƙarshen wata ba. Ta kai, ta wuce, ta yi ta wucewa. Kullum da safe in ta ce "ɗiit", sai in ji Baba ya yi gyaran murya daga ɗakinsa. A bana mai shagon buga takardu na bakin titi ya ce in kawo masa samfurin aikina ranar Juma'a, in ya yi masa zai ba ni kujera a shagon. Aikin yana cikinta, saura gyaran kala.

Ranar Talata ta fara sabunta kanta. Ta rubuta gargaɗinta a tsakiyar fuska, da manyan baƙaƙe. Ina zaune ina gadinta Baba ya aike ni sayen ƙusa. Da na dawo, fulogin dutsen guga ne a soket, nata yana ƙasa. Yayana ya iya karatu, shi ya fi kowa maki a gidanmu.

Na mayar da fulogi, na danna. Ta ce "ƙas, ƙas, ƙas", a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Sai shiru. Na ɗauke ta a buɗe, a kan hannu biyu, har shagon mai gyara. Ya kara kunne, ya kwance bayanta, ya daɗe. Sannan ya ajiye sukudireba ya ce in yi haƙuri, abin da ke cikinta ma ya tafi tare da ita.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗauri uku, da linzaminta, wato maus, wanda ɓangaren hagunsa kaɗai ke ji, da jakar da ta zo da ita. Ta bar ƙanwata, wadda hotunanta na yarinta suka bi ta. Ta bar ni.

Baba ya yi min ta'aziyya a tsaye. "Sai haƙuri. Ka dai tuna maganarmu." Mama kuwa tun ranar ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da safe. Ni zan rufe ta da hannuna, ko da wuyan zai ƙarasa karyewa, in sa ta a jakarta. Daga ƙofar gida za a wuce shagon mai gyara, inda za a cire abin da zai amfani wasu marasa lafiya irinta. Ana roƙon Yaya kada ya taɓa jakar. Masu ta'aziyya su zo da wuri, domin motar Kawu za ta iso da rana, kuma ba ya jira.

Sai abu ɗaya da nake neman wanda ya sani ya sanar da ni. Ranar Laraba da safe na tarar da rigar aikin gareji a kan katifata, shuɗiya, sabuwa dal, a ninke. Na gwada. Kafaɗa daidai, hannu daidai, tsawo daidai. Ɗinkin telan layinmu ne, na san hannunsa, kuma duk wanda ya taɓa kai masa yadi ya san sai ka yi ta sintiri har takalminka ya gaji kafin ka karɓi kayanka.

Tsohuwa ta rasu Talata. Riga ta iso Laraba. Yaushe aka kai wa tela awona?