Ranar da Na Juya wa Matar Mista Dobsin Fuska Bango

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Abhur, can bakin teku a ƙasar Larabawa, ba, cikin shekarun sittin, lokacin ina direban wani injiniya Ba'amurke, Mista Dobsin. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun kamfaninsu take, in ya ce halas, an gama, sai a sa ni jirgin ruwan Bur Sudan.

Mutumin nan ba ya shan taba, ba ya kamun kifi kamar 'yan'uwansa. Cutarsa ɗaya: tara zane-zanen da masu zanen mujallun ƙasarsu suka yi da hannu tun zamanin kakansa. Wato ainihin wanda mai zane ya shafa wa fenti, kafin a buga dubbai a bangon mujalla. (Wannan bayanin yanzu na iya shi. A lokacin kuwa kai kawai nake gyaɗawa kamar ƙadangare.)

Wata rana aka aiko masa da sabo daga Amurka. Ya miƙo mini abu biyu, ya ce in kai Balad, tsohuwar kasuwar cikin gari, a sa gilashi kafin baƙin Juma'a. Ɗaya bangon mujalla ne mai sheƙi: wata mata da laima, iska na neman kwashe mata hula. Ɗayan kuma matar ce dai, amma a kan wani tsohon kwali mai kauri, gefensa duk rubutun fensir da tabon yatsa, har da zoben kofin shayi. Ya yi Turanci mai tsawo yana nuna wannan, yana nuna wancan. Na ce "yes sa" sau huɗu.

A Balad na sami Ammi Salihu, dattijon da ke sa wa hotuna gilashi, Bahaushe haifaffen unguwar Hindawiyya. Na ce mai sheƙin za a sa, kwalin kuwa a tokare bayan da shi, kada a yi asarar katako.

Ya juya kwalin, ya shinshina. "Ya waladi, ɗana, wannan fa aikin hannu ne. Ka tabbata?"

"Ammi, shekarata biyar da Nasara. Su tsabta suke so. Kai dai yanke wannan ƙazamin gefen."

Bai yanke ba. Ya ce wuƙarsa ta dakushe, ya ƙara wa firam ɗin faɗi. Har na yi masa tsaki a zuci.

Ranar Juma'a bayan masallaci baƙi suka cika falo. Maigida ya fi minti goma yana ba su tarihin mai zanen, sannan ya ce in shigo da shi. Na shigo cikin farin tob ɗina, doguwar rigata mai guga, ina tafiyar ango, na yaye takardar da aka naɗe shi a ciki da kaina.

Wata Baturiya ta sa tabarau, ta matso, ta ce har farashin mujallar ma ya fito da kyau.

Mista Dobsin ya yi ja, ya koma fari. Da Larabcinsa na kasuwa ya ce, "Fen as-sitt?" Ina matar?

Na nuna ta.

"Ɗayar."

Wallahi a nan na gane kwalin nan yake nufi. Na juya firam ɗin a hankali, na nuna bayansa. Ya ɗauko wuƙar man shanu daga tebur, ya durƙusa a gaban baƙinsa, yana banƙare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina lissafin abin da zan gaya wa matata a tashar jirgin ruwa. Kwalin ya fito. Ga matar nan lafiya lau, har da siririyar takarda da Ammi Salihu ya shimfiɗa mata a fuska ba tare da ya gaya mini ba. Sa hannun mai zanen yana daidai gefen da na ce a yanke.

Baƙi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Maigida bai yi ba. Bai kuma kore ni ba, abin da ya yi ya fi kora ciwo: ya ce gobe in mayar wa dattijon, in gaya masa da bakina abin da ya faru.

Na je. Ammi Salihu ya saurara har ƙarshe, ya zuba mini shayi, sannan ya leƙa waje ya kira maƙwabtansa masu shaguna. "Taʿalu, ku zo ku gaisa da mai shekara biyar da Nasara. Yalla, ya waladi, faro daga farko."

Sau uku na ba da labarin a ranar. Tun daga nan, in ban gane magana ba, ko da wane yare aka yi ta, nakan ce ban gane ba. Kunyarta ta minti ɗaya ce, kuma ba a tara mata 'yan kallo.