Injiniya Tsundum

Wallahi ranar nan ji nake ni kaɗai na san ruwan ƙasa a duk Maraɗi. Malaminmu, wanda taswirarshi ta kwarin Gulbi ke nuna wa manoma inda za su gina rijiya, ya damƙa mini awon rijiyar ƙauyen Jiratawa kafin damina. Igiyar awon guda ce tak, ga jami'a na yajin aiki, ba inda za a samo wata.

"Riƙe da kyau, ɗana," in ji shi.

Na sauka daga kabu-kabu sanye da tabarau, mata sun kewaye ni. Na zura igiya da hannu ɗaya, ɗayan ina zuba musu bayani da Faransanci. Ina nuna yadda ruwa ke gudu ƙarƙashin ƙasa, sai na buɗe hannu biyu.

Tsundum!

Wata tsohuwa ta leƙa rijiyar, ta ce da nata Faransancin, "Mushe, haka ake awon?"

Malam bai yi faɗa ba. Ya aro ƙugiya, muka wuni muna fiddo tsofaffin gugan mutane kafin igiyar ta fito.

Yau na karɓi difloma, jama'a! Ana kiran sunana, 'yan ajinmu suka haɗa baki: "Injiniya Tsundum!" Har Malam sai da ya tafa.