Yadda Za Ka Ci Jarrabawar Walwalar Jama'a da Mutanen Gidanku

Kai ɗalibi, matso kusa. Na ji an ce kana shirin jarrabawar lasisin aikin walwalar jama'a, kuma darasin girman ɗan Adam da halayyarsa ya hana ka cin tuwo. Kwantar da hankalinka. Ni Dallatu, mai cajin waya a bakin kasuwar ƙauyenmu, ban taɓa shiga ajin ba, amma duk masu shiga ajin a hannuna wayoyinsu suke wuni. Wannan hanya na ɗora Kamaruddeen ɗan maƙwabcina a kai, kuma wallahi ya ci. In ka bi ta, ka ci ka gama.

Mataki na 1: Rufe littafi, buɗe ido

Masanan da suka tsara darasin nan mutane suka zauna suka kalla. Kai kuwa gidanku cike yake da mutane, kyauta. Sun ce rayuwa hawa-hawa ce, kuma a hawan ƙarshe tsoho ko dai ya gamsu ko yana nadama. To je ka tambaya mana! Kamaruddeen har gona ya bi mahaifinsa, ana tsakiyar noman gero.

"Baba, in ka waiwayi rayuwarka, gamsuwa kake ji ko nadama?"

Tsohon ya miƙe, ya dafe ƙugu. "Nadama. Ga ta nan tsaye a gabana da farar riga, ba fartanya."

Ka ga wannan babin ya zauna masa a ka, ba sai ya yi hadda ba.

Mataki na 2: In babu kare, akwai akuya

Wani masani ya riƙa kaɗa wa kare ƙararrawa kafin ya ba shi abinci, har kare ya koma dalalar da yawu da jin ƙarar kaɗai. Kada ka kuskura ka shigo da kare, Baba zai haɗa ku ya kora. Awakin Inna sun isa. Duk sanda za ka zuba musu dusa, ka buga murfin kwano.

Abin yana aiki, har ya zarce. Ranar wani suna a maƙwabta, mata suka fara rabon abinci, murafai suka hau ƙara, sai ga awakin Inna Hure, mahaifiyar Kamaruddeen, waɗanda ya horar haka, sun tsinke igiya a guje sun afka cikin waina. Mutane suka ce iska ce ta shige su. Ilimi ne, amma kada ka gyara musu.

Mataki na 3: Babin shaƙuwar uwa da ɗa

A nan maki yake. Littafi ya ce uwa mai ƙaunar ɗanta tana kallon idonsa, tana kiran sunansa, tana murna a fili in ya dawo. Kamaruddeen ya karanta, ya maimaita, ya zo shagona ido jawur.

Ɗan fari ne shi, ka kuwa san kunyar ɗan fari a wurinmu. Tunda aka raɗa masa suna, Inna Hure ba ta taɓa furta shi ba. "Wancan" take cewa, in ta yi masa kara ta ce "yayan Muhsina", wato ƙanwarsa. In ya shigo tsakar gida, sai ta tuna tana da aiki a madafa. Ana yaye shi aka miƙa shi Bagwai wurin kakarsa.

"Kawu Dallatu, duk alamun sun cika. Inna ba ta so na."

"Haba kai kuwa, ai haka kowace uwa take yi wa ɗan fari."

"To duk garin nan a asibiti ya kamata mu kwana. Ni dai sau ɗaya nake so in ji sunana a bakinta."

Dariya yake yi, amma da gaske yake. Na ji tausayinsa ƙwarai. Shi kuwa ƙwararre in tausayi ya kama shi, shawara yake bayarwa.

Mataki na 4: Yi gwaji

Masana kan fitar da uwa daga ɗaki su ga abin da jariri zai yi. Kai gemu gare ka, kuma Inna ba ta fita don wani ya ce ta fita. Sai ka juya gwajin, kai ka ɓace. Rumbu ya fi, ana jin komai daga ciki. Ka haƙura da ƙaiƙayi.

Kamaruddeen ya wuni a rumbu. Abin da ya ji kawai daga bakin Inna Hure shi ne, "Muhsina, rufe abincin wancan, kada kaji su ɓata." Ya fito ransa a ɓace. Na ce masa gwajin ne bai yi ƙarfi ba. Washegari kafin ya hau rumbu, sai ya ajiye takalmansa da hularsa a bakin rijiyar ƙofar gida. Ni dai ban ce ya yi haka ba. Cewa kawai na yi rijiya tana kusa.

Mataki na 5: Saurari sakamako

Muhsina ta je ɗiban ruwa, ta ga takalma, ta ƙwalla ƙara. Inna Hure ta fito ba mayafi, matar da ko muryarta ba a taɓa ji a waje ba. Ta kifa ciki a bakin rijiya, ta zura kai.

"Kamaruddeen! Kamaru, amsa mini! Kamaruddeen!"

Sai da mata suka rirriƙe ta, don har ta ɗaga ƙafa za ta bi shi. Ni kuwa ina tsaye nesa ina kallo.

Shi kuwa ya diro daga rumbu, ƙaiƙayi har gira, da niyyar sanar da jama'a gwaji ya yi nasara. Yana ganin fuskarta ya fasa. Ta dube shi ido cikin ido, ta shafa kuncinsa don ta tabbatar, sannan ta lura unguwa ta cika. Ta ja gefen zani ta rufe kai, ta shige ɗaki.

Mataki na 6: Shiga jarrabawa da ƙarfin gwiwa

Tambayar shaƙuwa ta fito, Kamaruddeen ya cika takarda. Ya ci, yanzu har da tebur a ofis. Inna Hure kuwa ta daina zuwa biki da suna, wai ba za ta iya haɗa ido da matan da suka ji ta ba. Ta koma "wancan" ɗinta.

Na ce masa, "To, ai ka ji sunan naka."

"Na ji, Kawu. Yanzu ko a ofis aka kira ni, da muryar nan nake jin sa. Da ma ban ji ba."

Gargaɗi

Alƙawarin cin jarrabawa na yi, kuma an ci. Abin da zai sami mahaifiyarka a bakin rijiya, da abin da zai hana ka barci bayan nan, babu ruwan Dallatu, babu hannunsa. Kuma don Allah kada ka zo shagona ka zauna shiru kana kallon ƙasa yadda yake yi. Kore mini masu caji yake.