Jan Layin da Ya Bi ta Bayan Gidan Baffa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki kwamfuta da hannuna, na kai ta har zauren Baffana a Gafasa, na tara jama'a, sannan na miƙe ina yi musu bayani dalla-dalla a kan yadda na yi ƙarya. Shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a Gaya, amma ban taɓa ba da darasin da aka gane sarai kamar na wannan rana ba.

Bari in fara da na'urar. Wani abokina mai aikin safiyo ne ya bar mini ita da ya sayi sabuwa. Na'urar GPS ce 'yar mitsitsiya, ba ta fi akwatin ashana ba, ba ta da allo, ba ta magana, sai wata 'yar fitila da take ƙiftawa. Ka kunna ta ka jefa a aljihu, ita kuma ta riƙa tambayar taurarin ɗan'adam inda kake, duk bayan sakan biyar ta rubuta wuri da lokaci. Kyamarata kuwa tsohuwa ce, ba ta san gabas ba balle yamma, amma tana rubuta lokacin da aka ɗauki kowane hoto. Idan ka dawo gida ka zuba su biyun a kwamfuta, sai ta gwada lokaci da lokaci, hoton ƙarfe goma ya je ya zauna a kan taswira daidai inda kake tsaye da ƙarfe goma. Sharaɗin ɗaya ne, agogon kyamara ya zo daidai da na na'urar. Ni kuma da yake mutum ne mai son gaskiya (a harkar agogo dai), na daidaita su har sakan.

Niyyata mai kyau ce, wannan kam a rubuta mini. Hutun ƙarshen damina ne, ana shirin cirar gyaɗa, na ce bari in zagaya ƙasar Ajingi in ɗauko hotunan tsofaffin rijiyoyi da kukoki da burtali, in nuna wa ɗalibaina cewa taswira ba ta kogin Nilu da duwatsun Turai ba ce kaɗai, har gonar kakansu tana ciki.

Sai dai gidanmu akwai wata doka da ba a rubuta ba. Duk ɗan gidan da ya shigo ƙasar Ajingi daga wani gari, wajen Baffa zai fara sauka. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin nawa, kuma a bayan kekensa na fara zuwa makaranta. Ka gaishe shi, ka sha ruwa, ka ci abin da matarsa Inna ta kawo, sai ya sallame ka sannan ka wuce wajen sauran dangi. Matsalar ita ce Baffa ba ya sallamar mutum da wuri. Gaisuwarsa babi-babi ce: babin damina, babin shanu, babin waɗanda suka rasu, babin waɗanda ya kamata su shiryu amma har yanzu shiru. Wanda ya shiga da hantsi, in ya yi sa'a ya fito da la'asar.

Ana gobe zan tafi sai ga wayar Goggo, ƙanwarsu da take aure a Toranke. "Na ji za ka shigo gobe. To ka zo da wuri, dambun zogale zan yi, ga man shanu sabon kaɗi. In ya huce babu ruwana."

Wanda bai taɓa cin dambun Goggo ba, yana iya hukunta ni yadda ya ga dama.

Ranar Asabar na hau babur daga Gaya, na'ura tana ƙiftawa a aljihun gaba. Wajen ƙarfe goma na isa Gafasa. Akwai wata tsohuwar rijiya a bayan gidan Baffa da nake son hotonta kafin rana ta take, na tsaya na ɗauka. Daga nan ina hango kan tsamiyar ƙofar gidansa. Na dubi tsamiya, na tuna dambu. Ba a daɗe ana muhawara ba.

Da yake salansar babur ɗina ta fashe, kuma Baffa ya san kukanta kamar yadda ya san kukan sansa, sai na ƙi tayar da injin. Na kama ƙahon babur na shiga turawa ta bayan danga, cikin yashi, kai a sunkuye, ni da nake tsare ɗalibai a bakin ƙofa in sun makara. Sai da na yi nisa na buga shi na kama hanyar Toranke.

Ina ajiye takalmi Goggo ta ce, "Ka gaida Yaya dai ko?"

Na ce, "Daga wajensa nake, yana gaishe ki."

Na ci kwano ɗaya, aka ƙaro, na ci. Har na ɗauki hoton kwano na biyun, wai don ɗalibai su ga abincin yankin (ilimi ke nan). Bayan azahar na ɗan kishingiɗa a gindin darbejiya. Sai wajen ƙarfe uku na koma Gafasa, wannan karon ta ƙofar gida, da ƙarar babur da sallama mai ƙarfi.

Baffa ya ce, "A'a, Mai boko! Yanzu kake tafe?"

Na ce, "Yanzu na sauko daga Gaya, Baffa. Nan na fara."

Ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Inna ta kawo tuwon dawa miyar kuka, malmala uku. Na yi loma uku na tsame hannu, don babu inda ta huɗu za ta shiga. Inna ta ce lafiya? Na dafe ciki na ce olsa ce take damuna, likita ya ce in rage ci. Ta yi salati, ta yi ta jera mini sannu. Na koma Gaya da yamma ina ganin na raba rana daidai, kowa ya samu rabonsa.

Bayan mako biyu aka yi sunan jikan Baffa. A tsakanin nan na haɗa hotuna da taswira, abin ya yi kyau har na rasa wanda zan nuna wa. Matata ta kalla sau ɗaya ta ce madalla, ta koma kan aikinta. Sai na ce ai ga taro ya samu. Ko sau ɗaya ban tsaya na kalli hanyar da kanta ba, hotunan nake ta sha'awa.

Da aka raɗa suna aka raba goro, aka ci waina, sai na buɗe kwamfuta a zaure inda babu hasken rana. Baffa yana kan buzunsa, liman a gefensa, maƙwabta sun cika tabarmi. Habu ɗan Goggo, taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin wata dama ta wuce shi a kaina ba, ya matso har kafaɗarsa tana gugar tawa. Goggo da Inna suka tsaya a ƙofar da take shiga cikin gida suna leƙe.

Na buɗo hoton Gafasa daga sama. A zatona sai na sha wahalar bayani, ashe Baffa ya fi ni iya karatun taswira. Ya sa yatsa. "Wannan tsamiyata ce. Ga rumbuna biyu. Ikon Allah, har turken shanu. To wannan jan zaren fa da ya ratso gari?"

Na gyara murya irin ta aji. "Hanyar da na bi ce, Baffa. Duk inda na taka sai 'yar na'urar da take aljihuna ta rubuta, da wurin da lokacin. Ba ta mantuwa, ba ta kuskure."

Liman ya ce, "Kai, Malam, ashe Raƙibu da Atidu ka saka a aljihu."

Aka yi dariya, har da ni. Na danna kan rijiya, hotonta ya fito tas, lokaci a rubuce a ƙasansa. Habu ya karanta da ƙarfi, yadda ɗalibi mai neman suna yake yi: "Asabar, ƙarfe goma da minti shida na safe."

Baffa ya ɗago. "Wace Asabar? Wadda ka iso mini gab da la'asar?"

A nan ne na gane asirina ya kama hanyar tonuwa. Amma ilimi bai yashe ni ba. Na ce, "Wato Baffa, su taurarin nan da agogon Landan suke aiki, akwai bambanci tsakaninmu da su."

"Na awa nawa?"

"Awa ɗaya."

Ya lissafa a yatsunsa, a hankali, kowa yana kallo. "To sauran huɗun a wace ƙasa suke?"

Kafin in samo ƙasar, Habu ya kai hancinsa jikin allo. "Farfesa, tambaya gare ni. Ko'ina ɗigon nan a warwatse suke, me ya sa a bayan dangar Kawu suka cunkushe kamar tururuwa?"

Wallahi da na yi shiru da an wuce wajen. Amma malami ba ya jin tambaya ya ƙyale, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai in ka ga ɗigo sun matsu, tafiyar a hankali ake yinta, kamar a ƙafa."

"A ƙafa. Babur ɗin fa?"

Bai ma jira amsata ba.

"Turawa ka yi!" Habu ya faɗi a kan tabarma yana riƙe ciki. "Jama'a, da wannan tumbin ya tura babur a cikin yashi don kada Kawu ya ji!"

Na kai hannu da sauri in rufe, yatsana ya sauka a kan maɓallin gaba. Allo ya cika da kwanon dambu, man shanu yana ƙyalli, cokali a tsaye a tsakiya, a ƙasa an rubuta sha ɗaya da rabi, ga sunan Toranke a gefe. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya fito da kyau kamarsa ba.

Daga bakin ƙofa Goggo ta ce, "La'ilaha illallahu, kwanona! Kai, ba ce mini ka yi daga wajen Yaya kake ba? Har da yana gaishe ni?"

Inna ta juya cikin gida. Sai ga ta da wata gora cike da jiƙo baƙi ƙirin, ta dire a gabana. Ashe tun ranar take neman saiwoyi, har aike ta yi kasuwar Ajingi. Ta ce, "Ga maganin olsar. Kwana uku yana jiƙe. Tunda an wahala a kansa, sai a sha."

Na sha, a gaban liman. Har yau in na tuna sai harshena ya motsa.

Kowa yana dariya ban da Baffa, kuma wannan ne ya fi jiƙon ɗaci. Da jama'a suka ragu na sauka daga tabarma na durƙusa a gabansa. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ni ban hana ka dambu ba, Mai boko. Ni ma na san hannunta, tare muka tashi. Da ka leƙo ka ce Baffa ina kwana, sauri nake, da na ce ka taho mini da saura. Amma ka sunkuya ka wuce ta bayan gidan da ka girma, kamar wanda ya ɗauki akuyar mutane." Ya dube ni. "Surutuna ya yi yawa ko?"

Na ce, "A'a, Baffa."

"Kada ka ƙara wata ƙaryar a kan ta baya. Ya yi yawa. Tsufa ne, kuma ba kullum nake samun mai ji ba."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce ya yafe mini, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi na'urar. Ya jujjuya ta a tafinsa, yana kallon fitilar.

"Ka ce ba ta kuskure?"

"Ba ta yi, Baffa."

"Na ga alama. Abin da bai rufa wa mai shi asiri ba, ba zai rufa wa maƙwabci ba. Ranar Asabar ka zo da ita mu zagaya gonakin gidan nan, ta rubuta iyakar kowa tun ina da ƙafar nunawa. Da sassafe." Ya miƙo mini ita. "Ta ƙofa."

Na zo ƙarfe bakwai. Muka yi awa huɗu a ƙafa, shi a gaba da sandarsa, ni a baya da na'ura da kyamara, ina haki. A kowace kusurwa sai ya tsaya in ɗauki hoto, ya faɗa mini wanda ya dasa gamba a nan, da wanda ya taɓa matsar da dutsen can aka mayar. Surutun nan da na tura babur don in guje masa, ranar cika littafi na yi da shi. Da muka dawo gindin tsamiya ya karɓi ruwa ya sha, ya miƙo mini sauran a kwanonsa. A gidanmu ba a yin afuwa da ta wuce wannan.

Abin da na koya bai da yawa. In mutum zai ɗauki mai shaida ya saka a aljihu, ya kuma daidaita masa agogo har sakan, to ya fara gyara tafiyarsa tukuna. In kuwa ba zai iya ba, aƙalla ya duba aikinsa kafin ya kai gaban jama'a, kamar yadda nake faɗa wa ɗalibai duk ranar jarrabawa.