Kasafin Fentin Ɗaki Ɗaya

Wani ne a nan Abuja, shekararsa goma sha bakwai yana aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata. Aikinsa ke nan, rubuta kasafi. Kuma tun da yake bai taɓa rubuta adadi ya dawo masa yadda ya tafi ba. Duk teburin da fayil ya sauka sai an datse rabi. Abin har ya shiga jininsa, ko shayi zai saya sai ya ce kofi biyu, ko Allah zai sa a ba shi ɗaya.

To matarsa Najwa ta tafi gida wankan jego, ta yi arba'in, ta kafa masa sharaɗi a waya.

"Wallahi ba zan kawo jaririna wannan ɗakin ba. Bango kamar kicin ɗin gidan biki! Ranar Asabar za mu zo ni da Hajiyarmu. In babu fenti, motar da ta kawo mu ita za ta mayar da mu."

Ɗaki ɗaya ne tal a Durumi, in ka miƙe ƙafa a gado sai ka taɓa ƙofa. Ya kira Godfrey mai fenti. Godfrey ya auna tsawo da faɗi, ya cire ƙofa da taga, ya ce, "Oga, bokiti biyu ya isa, har shafi biyu."

Mutumin naku ya yi murmushin tausayi.

"Biyu kake buƙata, kuma biyu za ka rubuta? Lallai ba ka taɓa aikin gwamnati ba."

Ya jawo biro. Biyu ta zama huɗu saboda shugaban sashe. Huɗu ta zama takwas saboda darakta. Sha shida saboda babban sakatare, talatin da biyu saboda majalisa. Ya ƙara takwas na ko-ta-kwana, arba'in cif.

Godfrey ya ce, "Oga, wane majalisa kuma? Ɗakinka ne fa."

"Kai dai bari. In an gama datsewa, biyunka za su fito."

Ya nufi Gwarinpa, shagon wani Ɗangoggo mai kayan gini. Ya miƙa takardar da hannu biyu, ya ja baya, ya harɗe hannuwa yana jiran jan biro.

Ɗangoggo ya duba ya ce, "Arba'in? An gama. A kira mota!"

Mutumin ya ce, "Ba za ka rage ba?"

"In rage me?"

"Ko rabi. Ko ka ce in dawo mako mai zuwa, oga ya yi tafiya."

"Ni ne ogan. Arba'in ka rubuta, arba'in za ka samu."

Wallahi sai idonsa ya ciko da ƙwalla. Shekara goma sha bakwai, yau ce rana ta farko da aka amince masa da kasafi ɗari bisa ɗari. Ina zai iya buɗe baki ya ce biyu yake so? Ya zazzage ajiyarsa kaf ya biya, har da rungumar Ɗangoggo.

Da motar ta iso, mai gidan hayar ya ce ko bokiti ɗaya ba za a ajiye masa a tsakar gida ba. Aka shiga da su ɗaki. Aka jera, aka ɗora, aka sake ɗorawa, suka zagaye gado suka toshe taga.

Ranar Juma'a Godfrey ya zo da burushinsa, ya leƙa kai.

"Oga, ina bangon?"

"Yana baya."

"To sai an fitar da su kafin na fara."

"Fitarwa ba ta cikin kasafi. Sai an kafa kwamiti."

Godfrey ya waiga hagu, ya waiga dama. Wuri ɗaya ne ya rage a buɗe, can saman ƙofa, bai fi faɗin faranti ba. Mutumin ya sa shi ya shafa masa fenti tas. Ya gyara hula, ya tsaya a ƙarƙashi yana nuni da yatsa, aka ɗauke shi hoto. Ya tura wa Najwa da rubutu: aiki ya kai kashi casa'in.

Asabar da hantsi mota ta tsaya. Najwa ta fito da jariri a kafaɗa, Hajiya na biye da ita. Suka tura ƙofa, ta buɗe rabi ta daki bokiti. Hajiya ta zura kai, ta leƙa ta tsakanin bokitai, ta hango bangon nan yadda yake, baƙi ƙirin, har da shatin man gashinsa.

"Ɗan nan, ina fentin?"

Ya durƙusa cikin ladabi, yana alfahari.

"Ga shi kina gani, Hajiya. An amince, an saki kaya gaba ɗaya. Aiwatarwa ce kawai ta rage, ita kuma in sha Allahu tana cikin kasafin baɗi."

Najwa ta gyara wa jaririn hula, ta ɗaga wa direba hannu kada ya sauke akwati.

Ta ce, "Mu ma an amince da dawowarmu ɗari bisa ɗari. Sai ka duba mu a kasafin baɗi."