Kansila Durkan da Masu Gidan Cikin Kututture

A duk faɗin ƙauyen Kilbarra, daga bakin teku har gindin tsauni, babu mai kaifin basira irin Kansila Malachy Durkan. Wannan magana tabbatacciya ce, domin daga bakinsa aka ji ta. Shi ya kawo wa garin fitilar titi, aka kuma yi dace ta tsaya a ƙofar gidansa. Shi ya sa aka zuba kwalta a hanyar da ta ƙare daidai shagon surukinsa. Allah ya hore masa tumbi da murya da kalma guda, wato ci gaba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya shaida wa matar mamacin cewa mijinta ya ci gaba. Da mutane suka laƙaba masa Baban Zamani, sai ya karɓa hannu biyu, a zatonsa sarauta ce.

Abu ɗaya ne ya tare wa zamani hanya: wata tsohuwar bishiyar ƙaya mai farin fure da ke tsakiyar lambun gaban gidansa. Kowa ya san ta mutanen ɓoye ce, 'yan mitsi-mitsin nan da tsofaffi ba sa kiran sunansu kai tsaye. A Kilbarra ba za ka sami wanda zai ce maka ya yarda da su ba. Ba kuma za ka sami wanda zai karya wa bishiyar ko reshe ba.

Sai Kansila ya sayi mota, doguwa baƙa ƙirar Jamus, ya ga babu inda ya dace da darajarta sai inda bishiyar take. Ya nemi masu sara. Na farko ya ce bayansa ya riƙe. Na biyu ya ce zartonsa na wurin gyara, kuma yana jin zai daɗe a can. Baban Zamani ya ari zarton inji, ya jira ranar Asabar da maƙwabta suke gida, ya tsaya a bakin katanga ya gyara murya.

"Jama'ar Kilbarra, ɗan Adam ya taka wata ya dawo. Ni Malachy Durkan ba zan nemi izinin ajiye motata a wurin wanda bai kai tsawon cokali ba."

Matarsa Nuala ta leƙo daga ƙofa, hannunta duk gari. "Malachy, ka bar musu ko da reshe ɗaya ne."

"Koma ciki, Nuala. Wannan magana ce ta masu ilimi."

Bishiya ta faɗi, ta bar kututture mai kauri da ya kai gwiwa. Maƙwabta suka watse ba tare da tafi ba.

Ba a rufa mako ba motar Jamus ta ƙi tashi, makanike ya duba ya ce lafiyarta lau, ra'ayi ne kawai ba ta da shi. Haƙorin Kansila na gaba ya karye a cikin burodin da jariri ma zai iya tauna. Zaɓe ya zo, wata malamar makaranta mai yawon neman ƙuri'a a kan keke ta yi masa kayen da har yau ba a faɗa a gabansa. Daga nan babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jawur, ko zanin gado ya taɓa shi sai ya kira sunan uwarsa. Bayan an tashi daga coci mutane suka riƙa gaishe shi a hankali, kai a karkace.

"Sannu, Kansila. Ya ƙafa? Ya kuma lambu?"

"Haɗuwar lokaci ce kawai," in ji shi, ko da ba a tambaye shi ba.

Amma da mai siminti ya zo tone kututturen, Kansila ya tare shi tun daga titi yana ɗingishi, ya ce an ɗage aikin saboda dalilai na tsari. A ransa kuwa lissafi yake: mota, haƙori, kujera, ƙafa. Abin yana tafiya ne daga dukiya zuwa jiki, kuma bai san gaɓar da ke biye ba.

Da safe Nuala ta same shi a teburin cin abinci da ƙaramar guduma da ƙusoshi irin na masu gyaran takalmi.

"Gida zan gina a cikin kututturen nan," ya ce. "Amurkawa suna ƙetaro teku don ganin irin wannan. Shi ake kira bunƙasa al'adu."

"Au, ashe ba tsoro ba ne."

"Tsoron wa?" ya ce, da muryar da ba ta kai taga ba.

Gaskiya, aiki ya yi kyau. Ya fafe cikin kututturen ya yi falo. Ya sassaƙa ƙofa mai tsawon tafin hannu, ya shafa mata jan fenti, ya sa mata maɓallin rigar Nuala a matsayin mariƙi. Rufi kuwa da fallayen dutse ya yi shi, irin na cocin garin, ya lulluɓe gefe da gansakuka. Ya jera tsakuwar bakin teku ta zama matakala, ya ɗaura igiyar shanya tsakanin tsinke biyu, ya kafa 'yar fitila mai aiki da hasken rana, a garin da rana take leƙowa kamar baƙuwa. A ƙarshe ya manna allon tagulla mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Allon ya fi ƙofar girma, kuma an manta da kalmar "tsohon" a gaban "Kansila".

Saura haya. Kakarsa takan ce mutanen ɓoye suna son madara, amma Kansila ya ga laifin da ya yi ya wuce na madara. Kowace safiya sai ya fito kamar mai duba furanni, ya durƙusa kamar mai ɗaure takalmi, ya ajiye murfin kwalba cike da giyar wuski mai tsada a kan matakala. Kafin hantsi sai ya tarar da murfin a bushe. An karɓa. Ya ƙara zuwa ƙaramin kofi, aka shanye. Ya kai shi cikakken tambulan, da yankan kek a gefe, ko ɓurɓushi ba a bari ba. Kumburin ƙafa ya fara sauka, mota ta tashi. Kansila ya koma tafiya da ƙirji a gaba, irin ta mutumin da ya sasanta ƙasashe biyu.

Abin da bai lura da shi ba, ko da yake duk Kilbarra ta lura, shi ne mutanen ɓoye suna zuwa ne daidai lokacin da Packie mai rabon wasiƙu yake shigowa ta lambun. Packie mutum ne da bai taɓa tambayar tambulan dalilin zamansa a wuri ba. Nuala tana kallonsa ta tagar kicin, wani lokacin har ya ɗaga mata tambulan ɗin. Ba ta tona asirin ba, domin tunda aka yi aurensu ba ta taɓa ganin mijinta yana durƙusa wa kowa ba, kuma abin yana yi mata daɗin kallo.

Kansila ya sa ranar bikin buɗe gida, ya gayyaci limamin coci da mai ɗaukar hoton jaridar gunduma. Ana cikin shiri Packie ya tafi hutu ƙasar Sifen, aka turo wata mata a madadinsa da ba ta shan komai sai shayi. Tambulan ya wuni cike. Washegari ma haka. Baban Zamani ya daina cin abinci. Ya sake kwalba da wadda ta fi tsada, ba a taɓa ba. Ya ƙara musu bene. Ya yi musu rumfar ajiye mota, ya tuna da abin da ya jawo rigimar, ya rushe ta da sauri. Har allon tagulla ya cire, sannan ya ga sadaukarwar ta yi yawa ya mayar.

Ranar biki ya fito da baƙar kwat, ido ya faɗa. Jama'a sun cika lambu, wasu a kan katanga. An ɗaura jan ƙyalle a ƙofar kututture, tambulan yana nan a kan matakala, cike.

"Jama'a," ya fara, "ni mutum ne na kimiyya. Wannan gini na baƙi ne masu yawon buɗe ido. Amma idan akwai wasu, ko su wane ne, ko ina suke, da suke ganin an saɓa musu, to ina so su sani cewa ofishina a buɗe yake. A zauna a yi magana. Kada a taɓa ɗaya ƙafar."

Yana rufe baki ƙyauren lambu ya yi ƙara. Packie ne, fuska ta ƙone da ranar Sifen, jaka a kafaɗa. Ya ratsa taron yana "gafara dai, gafara dai", ya sunkuya a gaban kututture kamar kullum, ya ɗauki tambulan ya juye a maƙogwaro. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Ruwan sama ya shiga wannan, Yallaɓai. Amma an canza kwalba, na ji. Allah ya ƙara arziki." Ya duba jama'a. "Wani ne ya rasu?"

Liman ya sa hula a baki. Mai hoto ya ɗauki hoto. Na kan katanga ɗaya ya faɗo. Kansila ya buɗe baki, kalmar nan tasa guda ta ƙi fitowa.

Da kowa ya watse, Nuala ta kawo masa shayi. "To, yanzu a kira mai siminti ya tone shi?"

Ya daɗe yana kallon 'yar jar ƙofar ta taga, yana motsa yatsan ƙafarsa a cikin silifa.

"Ba a gaggawa a harkar mulki," ya ce.

Da gari ya waye, Baban Zamani ya fito duba furanni, ya durƙusa ɗaure takalmi, ya ajiye tambulan biyu: ɗaya na Packie, domin ɗayan ya isa ga masu shi. Packie kuwa ma'aikacin gwamnati ne, ba ya nuna bambanci. Ya shanye duka.