Jirgin da Na Ce Ya Jira Ni

Ni direban bas ɗin alhazai ne a tashar Kudai, can ƙasa mai tsarki, ban taɓa tashi na bar mutum yana salla ba. Da 'yata Hafsa ta haihu a Sifen, na shirya zuwa suna, sai ta koya mini kalmomin sauya jirgi da yaren ƙasar ta waya. Na haddace su tsaf.

A Madrid, inda zan sauya jirgi zuwa garinsu, na dubi ma'aikaciyar ƙofar shiga jirgi, na ce, "Espera!" Wato jira. Ta yi murmushi, na tafi alwala hankali kwance.

Na dawo, babu jirgi. Aka raɗa suna babu ni.

Da na isa washegari, Hafsa ta miƙo mini takwarana tana dariya da hawaye. "Baba, jirgi ba bas ɗinka ba ne."

Yanzu ko banɗaki na nufa, direbobin Kudai sai sun ɗaga murya: "Espera, ya Abu Hafsa!"